Kashin yawo: a tuge shi tun bai yi ƙaya ba

Salam manoma da makiyaya. Bana ina zagayen gonaki tsakanin Ɗambatta da Kazaure kusan duk burtalin da na bi kashin yawo ya cinye gefensa, kuma mutane sun saba da shi har ba sa ɗaukar sa a bakin komai.

Wasu na haɗa shi da tsidau, ba ɗaya ba ne. Tsidau shimfiɗewa yake a ƙasa, shi kuwa kashin yawo miƙewa yake ya kai gwiwa ko ya ɗan wuce, jikinsa duk gashi-gashi, rassansa na rabuwa biyu-biyu, a daidai wajen rabuwar ne zaka ga ɗan fure ruwan ɗorawa. Idan ya nuna 'ya'yan sai su jeru kamar tauraro, kowanne da ƙananan ƙugiyoyi a jiki da dogayen ƙayoyi 2 a kai. Asalinsa ma ba namu ba ne, daga Kudancin Amurka ya fito.

Dabba ba ta cika cin sa ba, shi ya sa yake samun sarari, ta cinye ciyawa mai kyau ta bar masa fili ya yi ta yaɗo. Ƙayar ce matsalar. Tana shiga tsakanin kofaton tunkiya ko akuya, ka ga dabba na ɗingishi, ka ce ai buguwa ta yi, kafin ka ankara wajen ya kumbura ya yi ruwa. Idan kuma ya cakuɗu da harawar gyaɗa ko ta wake ga rauni a baki, kuma in akuya ta ci da yawa yana taɓa mata hanta. Masu roron gyaɗa kam ba sai na faɗa musu ba, hannunsu ya sani.

Don Allah a lokacin maimai a tuge shi da saiwarsa tun bai yi 'ya'ya ba. Wanda ya riga ya yi ƙaya kar a watsar a kan hanya ko juji, wallahi shuka shi ka yi, gobe ka kwashi taki ka mayar da shi gonarka, irin kuma yana shekaru a ƙasa bai mutu ba. A tara shi ya bushe a ƙone.

In ka sayo dabba a Maigatari ko Wudil duba jela da ƙafafu ka tsince ƙayar kafin ta shiga turke. Kofaton da ya fara wari kuwa a kira malamin dabbobi, banda zuba baƙin mai.