The Saint of Bleecker Street

The Saint of Bleecker Street, wato Waliyyiyar Titin Bleecker, wasan opera ne (wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa) mai kashi uku na Gian Carlo Menotti (1911–2007), haifaffen Italiya da ya yi suna a Amurka. Shi ya tsara kiɗan, shi ya rubuta baitocin da Turanci. An fara nuna shi ranar 27 ga Disamba, 1954 a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, Thomas Schippers na jagorantar makaɗa. Ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa a 1955.

Labarin yana faruwa ne a unguwar Italiyawa 'yan ci-rani ta New York. Annina budurwa ce mai yawan jinya, tana ganin wahayi, kuma ranar Juma'ar da Kiristoci ke tuna gicciye Yesu raunuka kan fito a tafin hannunta. Maƙwabta sun cika ɗakinta maƙil, kowa na neman taɓa ta don tabarruki. Ɗan'uwanta Michele, wanda bai yarda da addini ba, cewa yake asibiti take buƙata, ba masu durƙuso ba, har ya kori limamin coci Don Marco. Ranar bikin waliyyi San Gennaro masu jerin gwano suka lakaɗa wa Michele duka, suka ɗaure shi jikin shinge, suka tafi da Annina.

A kashi na biyu abin ya ɓaci. Wurin walimar auren Carmela, ƙawar Annina, da Salvatore, budurwar Michele, Desideria, ta faɗa gaban jama'a cewa son da yake wa Annina ya wuce na 'yan'uwantaka. Nan take Michele ya daɓa wa Desideria wuƙa. Daga baya, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, Annina ta shaida masa za ta shiga sahun mata masu zaman zuhudu na coci, shi kuwa ya tsine mata. Ta cika a ɗakinta, sanye da rigar amarcin Carmela, daidai lokacin da limamin ke sa mata zoben alkawari. Menotti bai yanke hukunci tsakanin Annina da Michele ba, ko da yake kiɗa mafi taushi ɓangaren Annina ya ba wa.

Wasan na da nauyin ɗauka. Yana son makaɗa da yawa da babbar ƙungiyar 'yan amshi, ga shi a Broadway kusan kullum ake fitowa, abin da muryar mawaƙin opera ba ta jurewa. Shi ya sa mawaƙa biyu-biyu suka riƙa karɓa-karɓa a matsayin Annina da Michele. An nuna shi sau 92, sannan aka kai shi gidan opera na La Scala a birnin Milan na Italiya a 1955.