Waiwaye: Yadda manhajojin yau da kullum suka samu gindin zama a GrapheneOS

GrapheneOS tsarin waya ne da aka gina a kan Android, mai mai da hankali kan tsaro da sirri, wanda ba ya zuwa da manhajojin Google. Tun farko, abin da ya addabi masu raba wayarsu da Google shi ne manhajoji. Tushen Android a buɗe yake, kowa na iya gina nasa a kai, amma Google Play Services, wanda ke isar da sanarwar saƙo da gano wuri, mallakin Google ne shi kaɗai. Manhajar da ta dogara da shi, in ta neme shi ta rasa, ko dai ta rufe kanta, ko saƙo ya maƙale sai ka buɗe ta.

Mafita ta farko ita ce microG, wanda ke kwaikwayon ayyukan Google. Sai dai kafin ya yi aiki dole tsarin wayar ya bar shi ya yi shigar burtu da sa hannun Google, domin manhajoji su ɗauka na asali ne. CalyxOS da /e/OS, wasu tsare-tsaren waya da aka gina a kan Android, sun bi wannan hanya. GrapheneOS, wanda ya faro a 2014 da sunan CopperheadOS kafin ya ɗauki sunansa na yanzu a 2019, ya ƙi, kuma yana da hujja: tsarin da ya yarda da sa hannun bogi ya buɗe ƙofar da ya kamata ta zauna a kulle.

A 2021 GrapheneOS ya fito da tasa dabarar. Aka bar Google Play na gaskiya ya shigo, amma a killace, kamar kowace manhaja. Ba ya ganin fayil ko lambobin mutane sai da izininka. Ana sauke shi daga App Store na GrapheneOS, sannan a cire masa takunkumin batir, in ba haka ba sanarwa za ta riƙa makara. Wasu kan ware masa wani asusun mai amfani daban a wayar.

Wata matsalar kuma ta ƙwaƙwalwar waya ce. GrapheneOS na amfani da hardened_malloc, mai raba wa manhajoji wuri a ƙwaƙwalwar, wanda ke kashe manhaja da zarar ta taɓa wurin da ba nata ba. Manhajar da ke da ɓoyayyen kuskure sai ta riƙa faɗuwa. Maganin shi ne a shiga bayanan wannan manhajar a kunna mata Exploit protection compatibility mode, ita kaɗai.

Burauzar gidan ita ce Vanadium, wadda aka gina a kan Chromium, tushen burauzar Chrome, ita ce kuma ke buɗe shafukan da ke cikin sauran manhajoji. Tana zuwa da JIT, wato dabarar da ke sa shafuka sauri, a kashe, saboda kutse ya sha biyowa ta nan. Shafin da ya yi nauyi ana iya kunna masa shi kaɗai. Firefox na aiki, amma masu gina GrapheneOS sun daɗe suna cewa killacewarsa a Android ba ta kai ta Chromium ba.

Inda gizo ke saƙa yanzu shi ne tantancewa. Play Integrity, wanda ya gaji SafetyNet, yana tambayar ko Google ya amince da tsarin wayar. GrapheneOS na cin matakin farko na gwajin ne kawai, shi ya sa biyan kuɗi da taɓa waya ta Google Wallet ba ya aiki, wasu manhajojin banki kuma suke ƙin buɗewa, alhali suna karɓar tsohuwar wayar da ta shekara ba sabuntawa. Android na da wata hanyar tantancewa ta makullin sirri da ke cikin na'urar, wadda GrapheneOS ke goyon baya, amma sai bankin da kansa ya saka makullan GrapheneOS a jerin waɗanda ya amince da su.