Half-Life (wasan kwamfuta na 1998)

Half-Life wasan harbi ne na ƙagaggen labarin kimiyya, wanda mai wasa ke ganin komai ta idon jarumin da yake sarrafawa. Kamfanin Valve ne ya ƙirƙire shi, Sierra Studios kuma ta fitar da shi kasuwa ranar 19 ga Nuwamba, 1998, don kwamfutoci masu amfani da Windows. Shi ne wasan Valve na farko. An kai shi PlayStation 2 a 2001, sannan Linux da kwamfutocin Mac a 2013. Ya samu kyautar gwarzon wasan shekara fiye da 50, kuma zuwa 2008 an sayar da kwafi kimanin miliyan 9.3 a shaguna. Abin da ya ɗaga shi sama da takwarorinsa shi ne yadda yake ba da labari ba tare da ya karɓe ragama daga hannun mai wasa ba, kuma wannan ne ya sa har yau ake komawa kansa.

Yadda aka samar da shi

Gabe Newell da Mike Harrington, tsofaffin ma'aikatan Microsoft, su suka kafa Valve a 1996 a garin Kirkland na jihar Washinton a Amurka. Sun sayi lasisin injin wasan Quake, wato manhajar da aka gina wasan a kanta, daga kamfanin id Software, suka yi masa gyaran fuska mai yawa, har daga baya ya samu sunan kansa, GoldSrc. Cikin abubuwan da suka ƙara akwai tsarin motsa jikin halittu ta hanyar ƙasusuwa, wanda ya sa mutanen cikin wasan ke iya juya kai da motsa baki lokacin magana.

Da farko an yi niyyar fitar da wasan a ƙarshen 1997. Da lokaci ya matso, masu aikin suka ga abin da ke hannunsu ba ya da daɗin bugawa, sai suka ɗage fitarwar da shekara guda, suka sake gina kusan komai. Sun kafa ƙaramin rukuni da ya haɗa masu zanen wurare, masu rubuta manhaja da marubuci, suna zama tare suna tsara abin da zai faru ɗaki bayan ɗaki, sannan a kawo baƙi su buga ana kallon inda suke maƙalewa. Marc Laidlaw ne ya rubuta labarin, Kelly Bailey ya yi kiɗa da sautuka.

Labarin

Mai wasa shi ne Gordon Freeman, masanin kimiyyar fiziks da ke aiki a Black Mesa, wata cibiyar binciken sirri da ke ƙarƙashin ƙasa a hamadar jihar New Mexico. Wata safiya aka sa shi ya tura wani baƙon dutse cikin na'urar gwaji. Gwajin ya ɓaci, ƙofa ta buɗe tsakanin duniya da wani wuri mai suna Xen, halittun can suka cika cibiyar. Sojojin da ma'aikata ke jira su cece su, da suka iso sai ta bayyana an turo su ne su kashe duk wanda ya shaida abin da ya faru. Freeman ya ratsa cibiyar har sashen Lambda, inda sauran masana suka tura shi Xen ya kashe Nihilanth, halittar da ke riƙe da ƙofar a buɗe. A ƙarshe wani mutum mai kwat da jakar hannu, wanda ake kira G-Man, ya ba shi zaɓi biyu: ya karɓi aiki, ko ya shiga yaƙin da ba zai iya ci ba.

Freeman ba ya magana ko sau ɗaya, kuma ba a taɓa ɗauke kyamara daga idonsa. Wasan yana buɗewa da tafiyar kimanin minti biyar a cikin taragon da ke kai ma'aikata wurin aiki, babu makami, babu abokin gaba, sai kallon ramuka, injina da wani koren ruwa mai guba da ya malale. Bayan haka ma sai an zagaya ofisoshi, an sa rigar aiki, an gaisa da abokan aiki kafin masifa ta auku. A 1998 wannan sabon abu ne ƙwarai, domin yawancin wasannin harbi suna miƙa wa mutum bindiga ne tun daƙiƙar farko. Amfaninsa yana fitowa daga baya: idan mai wasa ya sake bi ta waɗannan hanyoyin bayan sun rushe, ya riga ya san yadda suke a dā.

Wuraren wasan a haɗe suke. An yanka su gunduwa-gunduwa, wasan ya ɗan tsaya ya loda na gaba, sai tafiya ta ci gaba daga inda aka tsaya, sunan sabon babi ya bayyana a allo ya ɓace.

Lafiya, sulke da makamai

Lafiyar Freeman maki 100 ce, rigar sulkensa mai suna HEV ita ma tana ɗaukar caji har 100. Idan akwai caji, rigar tana shanye kashi 80 cikin ɗari na rauni, kuma makin caji ɗaya yana tare makin rauni biyu. Misali, bugun da ƙarfinsa 50 ne zai ci 10 daga lafiya, 20 daga caji. Faɗowa daga sama da nutsewa a ruwa ba ruwansu da riga, kai tsaye suke cin lafiya. Lafiya ba ta dawowa da kanta. Ana samunta daga akwatunan magani da na'urorin jikin bango. Na'urar lafiya ta bango tana ba da maki 50 a mataki mai sauƙi, 40 a matsakaici, 25 a mai wuya; ta caji kuwa 75, 50 da 35. Da ta ƙare shi ke nan, don haka wanda ya iske ta alhali lafiyarsa a cike take, gara ya bar ta ya dawo bayan faɗan da ke gaba.

Makamai 14 ne. Na farko shi ne ƙarfen ɓamɓare akwatuna, wanda ya zama tambarin wasan. Ƙaramar bindiga tana cin harsashi 17, mai sarrafa kanta tana cin 50, kuma harsashi iri ɗaya suke sha, abin da sabon mai wasa kan manta har ya ƙarar da duka biyun. Bindiga mai watsa harsashi tana ɗaukar 8, maɓallinta na biyu yana sakin biyu lokaci guda. Baka mai kunama yana da madubin hangen nesa, kuma yana aiki a ƙarƙashin ruwa. Roka tana bin jan ɗigon hasken da mai wasa ya saita, saboda haka dole a ci gaba da nuna abin da ake hari har ta isa. Bindigar Tau ana iya tara mata ƙarfi ta huda bango, amma idan aka riƙe ta ya wuce kima sai ta fashe a kan mai ita.

Masana da masu gadi da suka tsira suna da amfani. Masani yana yi wa Freeman allura idan lafiyarsa ta yi ƙasa, yana kuma buɗe ƙofofin da ke buƙatar duba ƙwayar ido. Mai gadi yana taya harbi. Kashe wanda ake buƙata don buɗe hanya yana kawo ƙarshen wasa nan take.

Abokan gaba da wuraren da suka yi fice

Kowace halitta da sautinta, kuma kunne yana ceton mai wasa kamar yadda ido ke yi. Headcrab ƙarama ce mai tsalle kan fuska, ta fi son bututun iska da lungu mai duhu. Vortigaunt sai ya tara wutar lantarki kafin ya harba, ana jin ƙarar, wanda ya ɓuya bayan bango a wannan lokacin ya tsira. Barnacle tana manne a rufi da dogon harshe a rataye, ba ta kama kowa sai wanda bai ɗaga kai ba.

Sojojin su ne abin da aka fi yabawa. Suna tafiya rukuni-rukuni, ɗaya yana harbi wani yana sauya wuri, suna jefa gurneti su fito da wanda ya laɓe, suna ja da baya idan sun ji rauni, suna kuma kiran juna ta rediyo. Dabarar da ke bayansu ba ta da zurfi sosai. Tsarin ɗakunan da aka sa su da maganganunsu ne ke sa su zama kamar masu tunani. Duk da haka faɗa da su bai tsufa ba. Tsayawa wuri ɗaya shi ne babban kuskure, domin gurneti zai iso.

Babin Blast Pit ya nuna gwanintar masu zanen. Wasu manyan hannuwa uku sun mamaye ramin gwajin roka. Ba sa gani, ji kawai suke yi, kuma harsashi ba ya kashe su. Mai wasa zai wuce su a tsugune, ko ya jefa gurneti gefe guda su bi ƙarar. Sai ya je ya kunna mai da iskar oksijin a wani reshe, wutar lantarki a wani reshen, ya dawo ɗakin sarrafawa ya tayar da injin rokar ya ƙone su. Ana ganin matsalar tun farko, ana kewaya ta, ana dawowa kanta, babu kibiyar da ke nuna hanya. Haka wata ƙatuwar halitta mai suna Gargantua a babin Power Up: ana jan ta ne zuwa wurin janareta a kashe ta da lantarki. Surface Tension, inda aka fito fili ana fama da jirgi mai saukar ungulu a kan madatsar ruwa da bakin duwatsu, shi ne ƙololuwar wasan a wurin masu sharhi da yawa.

Inda shekaru suka nuna

Tsalle-tsalle ne raunin wasan. Freeman yana da gudu, ƙafarsa kuma tana ɗan zamewa kafin ya tsaya, ga shi ba a ganin ƙafafun. Hawa tsani da sauka daga kansa yana kashe mutane fiye da wasu halittun. Akwai kuma tsalle da tsuguno: a yi tsalle, a danna maɓallin tsuguno ana sama, don a naɗe ƙafa a hau abin da tsalle kaɗai ba ya kaiwa. Ana koyar da shi ne a filin horo na daban, wanda ya tsallake horon sai ya maƙale gaban bututun da ya kamata ya shiga. Babin On a Rail ya yi tsawo, hanyoyinsa suna kama da juna.

Xen ce aka fi kuka da ita. An rage nauyin jiki, an ba mai wasa na'urar dogon tsalle, wadda ake tayarwa da danna tsuguno sannan tsalle da sauri ana cikin gudu, aka kuma sa shi bin ƙananan duwatsu masu shawagi a sarari. Babu mutane, babu sojoji, wato an cire abubuwan da suka ƙawata sauran wasan. Nihilanth kansa yana rikita mutane: sai an fasa duwatsu uku masu haske da ke jikin bango, waɗanda yake sabunta ƙarfinsa da su, a ci gaba da harbi har kansa ya buɗe, sannan a harbi abin da ke ciki. Wanda bai lura da duwatsun ba zai ƙarar da harsashinsa a banza.

Buga shi a yau

Sigar Steam, dandalin sayar da wasanni na Valve a intanet, ita ce mafi sauƙin samu. A Nuwamba 2023, don cikarsa shekara 25, Valve ta sabunta shi: ta gyara faɗin gani don manyan allunan zamani, ta sa rubutun allo ya girma daidai da allon, ta ƙara goyon bayan abin wasa na hannu, ta saka ɗan gajeren babin gwaji mai suna Uplink da sababbin filaye huɗu na wasan da mutane da yawa ke bugawa tare. Tsohuwar sigar tana nan a reshen steam_legacy, kuma ita ake komawa idan wani tsohon ƙarin da magoya baya suka yi ya ƙi tashi.

Abubuwa kaɗan ne ke buƙatar kulawa. An gina injin ne don kwamfutocin da ba sa zana hotuna da yawa a daƙiƙa, kuma wasu motsin suna da alaƙa da wannan adadi. Idan aka ga abubuwa suna yin baƙon hali, a tsayar da fps_max, saitin da ke iyakance wannan adadi, a 100 ko ƙasa. Akwai zaɓin sifofi masu ƙarin kyau da suka zo da Blue Shift, ɗaya daga cikin ƙarin wasannin da suka biyo baya, amma suna sauya kamannin bindigogi da mutane, don haka mai son ganin wasan yadda ya fito ya bar su a kashe. Kashe laushin zane yana dawo da kaifin bango da rubuce-rubucen jikinsa. F6 yana adana wasa nan take, F7 yana dawo da shi. Haɗarin shi ne a adana da lafiya 5 a tsakiyar faɗa, a rufe wa kai hanya. Yana da kyau a riƙa yin ajiya ta daban a farkon kowane babi. Kada a rikita wasan na asali da Half-Life: Source na 2004, wanda aka ɗora a sabon inji ya zo da kurakurai masu yawa.

Abin da ya biyo baya

Gearbox Software ta yi ƙarin wasanni uku a kan wannan labari: Opposing Force a 1999, inda ake buga labarin a matsayin soja Adrian Shephard, Blue Shift a 2001, a matsayin mai gadi Barney Calhoun, da Decay na mutum biyu a PlayStation 2. Valve ta saki kayan aikin gina wasan ga jama'a, daga nan Counter-Strike ya fito a 1999 a hannun Minh Le da Jess Cliffe, daga baya kuma Day of Defeat. A Jamus an sayar da sigar da aka maye sojoji da mutum-mutumi saboda dokokin kare matasa. Half-Life 2 ya fito a 2004, Half-Life: Alyx a 2020.

Black Mesa, wanda rukunin Crowbar Collective ya sake ginawa da amincewar Valve, ya fara fitowa kyauta a 2012, ya kammala a Maris 2020. Ya gajarta On a Rail, ya sake Xen gaba ɗaya ya faɗaɗa ta sosai. Ya fi kyan gani nesa ba kusa ba, sai dai saurin motsi da yanayin faɗansa sun bambanta da na asali, kuma Xen ɗinsa tana ɗaukar sa'o'i fiye da ta 1998.