Salo da adon harshe: amsoshin tambayoyin da ɗalibai suka ishe ni da su

Da zarar jarrabawa ta gabato, ko lokacin rubuta kundin kammala karatu ya yi, sai tambayoyi iri ɗaya su yi ta shigo mini. Na amsa a aji, na amsa a waya, har a ƙofar masallaci an tare ni. To ga su na rubuta sau ɗaya. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mene ne salo?

Yadda aka faɗi magana. Abin da aka faɗa kuwa shi ne jigo. Kada ku ƙara haɗa mini su.

Salo da adon harshe abu ɗaya ne?

A'a. Adon harshe, wato su kamantawa da siffantawa, ɓangare ne kawai na salo. Tsawon jimla, maimaita kalma, aron Larabci, zaɓen Sakkwatanci a inda ake jiran Kananci, duk salo ne.

Mene ne bambancin kamantawa da siffantawa?

"Yarinyar nan kamar tauraruwa" kamantawa ce, domin ga kalmar kamanci a fili: kamar, tamkar, awa, ta fi, ba ta kai ba. "Yarinyar nan tauraruwa ce" siffantawa. Wannan karatun sakandare ne, bai kamata ɗan aji huɗu a jami'a ya tsaya tambayarsa ba.

Kamantawa nawa zan samo kafin babina ya cika?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai. Wani yaro ya taɓa kawo mini shafi uku, ya bi littafi da jan biro ya ja layi ƙarƙashin kowace "kamar", ya jera su da lamba. A ciki har da "kamar ƙarfe biyar na yamma" da "kamar yadda na faɗa maka". Waɗannan ba kamantawa ba ne, ɗana, kintace ne da haɗin zance. Na ɗauki guda ɗaya ta gaskiya daga cikin jerin, inda aka ce amarya ta shiga gidan miji kamar kazar da aka sayo ranar kasuwa, na ce masa me ya sa kaza, me ya sa ba tattabara ba? Ya yi shiru. To nan nazarin yake. Baƙuwar kaza a ɗaure take zuwa, a raɓe take tsayawa, kajin gida su yi ta saranta. Marubuciyar ta gaya maka halin kishiyoyin gidan tun kafin ta ambace su. Misali biyar da ka feɗe haka sun fi mini hamsin da ka ƙirga.

Makaɗi ya kira sarki giwa. Malamina ya ce siffantawa, wani littafi ya ce dabbantarwa, abokina ya ce kirari ne. Wanne zan rubuta?

Yawwa, wannan tambaya ce. Sai dai amsar ba ɗaya ba ce, ya danganta da yadda kalmar ta zauna a cikin ɗiyan waƙar, wato baitocinta.

In makaɗin ya ce sarki giwa ne, ya tsaya nan, ni siffantawa zan kira shi. In kuwa ya ci gaba, ya ba shi aikin dabbar, yana tafe ƙasa na girgiza, yana karya itatuwa, ƙananan namun daji na watsewa, to ya shiga dabbantarwa, wadda ake lissafawa tare da mutuntarwa (ba wa abin da ba mutum ba halin mutum) da abuntarwa (ba wa mai rai halin abu marar rai) a ƙarƙashin jinsintarwa. In kuma giwar na ta dawowa daga farkon waƙa har ƙarshe ba tare da an sake ambaton sarki ba, kowa kuma ya san sarauta ake nufi, za ka iya kare kanka in ka ce alamtarwa ce. Na ce za ka iya, ban ce kowane malami zai yarda ba.

Abokinka ma bai yi kuskure ba. "Toron giwa" tsohon kirari ne, ba makaɗin ya ƙago shi ba. Amma kirari mazubi ne, adon harshen shi ne abin da aka zuba a ciki, don haka ba sa karo da juna. Sannan ka duba gaba kaɗan. Makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara ba su cika yabon sarki ba su taɓa ɗan sarkin da ke hanƙoron gadonsa ba. Shi za ka ji an kira shi kura ko jaki. Dabarar ɗaya ce, amma can yabo, nan zambo. Wanda ya rubuta "dabbantarwa" a wuraren biyu ya wuce, ya bar rabin aikin.

Ku sani kuma, sunayen nan malaman jami'a ne suka tsara su, bakinsu kuma bai zo ɗaya a kan komai ba. Wani ya ce jinsintarwa, wani ya ce jinsarwa. Wanda ya karanta ilimin balaga na Larabci a zaure zai zo da tashbihi da isti'ara da kinaya, iyakokinsu kuma ba ko'ina suka dace da na Hausa ba. Shawarata, in jarrabawa ce, bi kalmar da malaminka ya koyar. In kundi ne, faɗi ma'anar da ka ɗauka tun a farkon babi, kawo ɗan waƙar cikakke, ka ba da dalilinka, kada kuma ka sauya a tsakiya.

"Ya ci amana" da "ya sha kashi" adon harshe ne?

Asalinsu e, amma sun zama maganar kowa, ba za ka jingina su ga marubuci ba. Sai in ya farfaɗo da su, ya ce "ya ci amana har ya suɗe kwanon". Wannan kam nasa ne, rubuta shi.

Malam, na karanta na kasa ganewa. Ko ba ni da basira ne?

Kwantar da hankalinki, 'yata. Ke da kika tashi kina jin habaicin tsakar gida, kika san wa ake nufi ba a kama suna ba? Kunnenki ya riga ya iya, sunayen ne baƙi. Karanta rubutun da ƙarfi. Inda kika ji maganar ta tsaya miki a rai, ja layi, ki tambayi kanki dalili.

Ya halatta in yi nazarin littattafan soyayya da ake sakawa a intanet?

Ya halatta. Hausa ce, kuma akwai salo a ciki. Nemi amincewar mai duba aikinka kawai.

Ko za ka turo mini wanda wani ya riga ya yi in duba?

Ba zan turo ba, na san kwafa za a yi. Rubuto naka ko da shafi ɗaya ne, ka kawo mu zauna a kai.