Wai mene ne bayobank, kuma me ya haɗa shi da tsofaffin sojoji?

Bayobank ma'ajiya ce ta samfurin jikin mutum, jini ko yawu ko fitsari ko ɗan naman da aka yanko lokacin tiyata, ana sa su a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili su yi shekaru ba su lalace ba. Ba irin jinin leda ba ne da ake ƙara wa mara lafiya a asibiti, wannan na bincike ne zalla, kuma shi kaɗai ba ya wani amfani sai an haɗa shi da bayanan mai shi, shekarunsa, cutukan da ya yi, maganin da yake sha, inda ya yi aiki. Ana cire suna a liƙa lamba, sannan masu bincike daga wurare daban-daban su nemi izini a ba su su duba.

A Amurka ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta fara wani shiri a 2011 mai suna Million Veteran Program, zuwa 2023 mutum miliyan 1 sun ba da jininsu. Dalilin a fili yake, soja yana shaƙar abin da farar hula bai shaƙa ba, kamar gubar Agent Orange a Biyetnam ko hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi, kuma ciwon sai bayan shekaru yake fitowa. Likita ɗaya da marasa lafiyarsa ba zai gane alaƙar ba, sai an tara dubbai wuri guda.

To mu nan Kaduna garin soja ne, ga makarantar horas da hafsoshi ta NDA ga barikin Jaji ga asibitin soja na 44, ga dattawan da suka je Laberiya da Saliyo lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ga yaranmu da suka dawo daga Borno. Wani hawan jini, wani kunne ya mutu saboda ƙarar bam, wani ba ya iya barci sai firgita, iyalinsa ne kawai suka san halin da ake ciki. Wallahi ina so a ce ana tattara bayanan nan ana bincike a kai.

Amma fa sai da yardar mutum, yarda ta gaskiya. Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, wanda iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba. Kuma soja ya saba da bin umarni, idan oga ne ya miƙo masa takarda zai sa hannu ko bai karanta ba, wannan ba yarda ba ce. Dole a yi masa bayani da harshen da yake ji, a gaya masa wa zai ga bayanansa, ko za a fitar da jinin ƙasar waje, sannan yana da damar janyewa duk ranar da ya ga dama ba tare da an taɓa fanshonsa ko maganinsa ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, soja mai ritaya ma ta shafe shi.