Ba Wilberforce ne ya fara ba

An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa William Wilberforce, ɗan majalisar dokokin Birtaniya, shi ne ya tayar da yaƙi da cinikin bayi a Ingila. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma aikin ya riga ya yi nisa kafin ya shigo.

Tun a 1783 mabiya ɗariƙar Kweka, wata ƙaramar jama'a ta Kiristoci, suka kai wa majalisar dokokin Birtaniya takardar koke ɗauke da sa hannun mutum 273, suna neman a hana fataucin bayi. Majalisa ta ajiye ta gefe. Ba su karaya ba. Ranar 22 ga Mayu 1787 mutum 12 suka haɗu a shagon buga littattafai na James Phillips a Landan, suka kafa kwamitin yaƙi da wannan ciniki. Tara daga cikinsu Kweka ne, kuma Wilberforce ba ya cikin ɗakin.

To me ya sa aka manta da su? Aƙidarsu ta hana su yin rantsuwa, kuma a lokacin ba a zama ɗan majalisa sai an rantse. Dole wani ya yi magana da yawunsu a majalisa, kuma Wilberforce ne ya yi hakan. Su suka zuba kuɗi, suka buga takardu, har da zanen jirgin ruwan jigilar bayi mai suna Brookes, inda ake ganin 'yan Afirka kwance jere, kafaɗa da kafaɗa, babu wurin juyawa. Yana ci mini rai a goge sunan waɗanda suka ɗauki wannan nauyi.

Su ma ba su kuɓuta daga laifin ba. A Amurka wasunsu sun mallaki bayi, sai a 1776 babban taronsu na Filadelfiya ya yanke korar duk wanda ya ƙi 'yanta nasa. A Birtaniya, dokar hana cinikin ta fito a 1807.