Farfesa Mai Kujerar Dindindin Ma Ana Korarsa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a Amurka, da zarar jami'a ta tabbatar wa malami da aikin dindindin, shi ke nan ya zama gagara-badau, ko barci yake a aji ba mai taɓa shi. Ba haka abin yake ba.

Ƙa'idar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta AAUP ta fitar a 1940 ta ce bayan gwajin da bai wuce shekara bakwai ba, ba za a sallami malami ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma sai kwamitin abokan aikinsa ya saurare shi. Satar rubutun wani, cin zarafin ɗalibai, ko jami'a ta shiga mummunar matsalar kuɗi, duk suna raba mutum da kujerarsa.

Abin da ƙa'idar ta toshe shi ne irin abin da ya faru da Edward Ross, wani farfesa a Jami'ar Stanford. A 1900 Jane Stanford, matar attajirin jirgin ƙasa da suka kafa Jami'ar Stanford tare, ta matsa sai da aka raba shi da aikinsa saboda kalamansa ba su yi mata daɗi ba. Wasu ra'ayoyin nasa ma, gaskiya, na wariyar launin fata ne. Amma fushin mai kuɗi ne ya kore shi, ba shari'ar malamai ba.